Gurguwar Tjitske

Mai na tafasa a kicin ɗin Wiebe mai gidan burodi, Tjitske na tsaye a kan kaskon, sandarta jingine da murhu. Al'adar ƙauyen ce, maƙwabci na kusa shi ke jinyar mai mutuwa, shi ke ciyar da 'yan jana'iza. Ba don haka ba, ko ƙofarsa ba za ta taka ba.

Tun suna da ƙuruciya ya nemi aurenta, ta ƙi. Gogan naka sai ya murɗe fankensa, ya yi masa ƙafa ɗaya gajera, ya raɗa masa suna Gurguwar Tjitske. Gari kuwa ya ɗauka. Haka ta tsufa tana jin ana cewa a ba da gurguwa shida a barbaɗa sukari, har a bakin waɗanda ba su san mai sunan tana raye ba. Abin bai taɓa daina yi mata ciwo ba.

Yanzu ga shi kwance, ya ƙi miya, ya ƙi madara, fanken nan kawai yake roƙo. Ta ɗingisa da faranti zuwa bakin gadon, inda ɗansa Douwe, magajin shagon, ke tsaye.

"Maƙwabciya, ɗan gutsure," in ji Wiebe.

"Za ka ci. Amma fara gaya wa ɗanka ya goge sunana daga allon shago."

Tsohon ya daɗe yana kallon farantin, yawu na bin gemunsa. Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai sunan ne ke sayar da shi."

To, shi ke nan. Ta gyara zama ta cinye fanken a gabansa, a hankali, sukari na zuba a kan bargonsa. Douwe ya yi ta ba ta haƙuri, ko a jikinta, har yatsu ta lashe. Wiebe ya cika kafin coci ya kaɗa ƙararrawar yamma.

Ranar jana'iza ita ta yi suyar, kamar yadda al'ada ta ce. Sai dai ko ɗaya ba ta murɗe ba, duk miƙaƙƙu ta soya. Ta tsaya bayan tiren, ta dogara da sandarta, tana duban duk wanda ya matso ido cikin ido. Matar mai kifi ta buɗe baki za ta faɗi sunan, ta haɗiye shi.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa da kofinsu a hannu, kowa na nuna fanken da yake so da yatsa.