Ƙarin Allura Kafin Goyon Ciki

Mai shela ya zaga unguwa tun da hantsi. Ya ce masu rigakafin korona sun zo ƙofar gidan Maigari, duk wanda ya yi allura biyu ya je a yi masa ta ƙari, da la'asar za su tattara. Mubina ta ji shi tana tsaye a kan tukunyar gumi, tana turara shinkafa, hayaƙin ƙaiƙayi na shiga mata ido. Ta ajiye muciya, ta ɗauka, ta sake ajiyewa.

Cikinta na fari ne, ya shiga wata na bakwai. Gobe da safe za a kai ta goyon ciki rugar iyayenta, can bayan Bunkure, inda babur ke gajiya a ƙarasa da ƙafa, kuma ba za ta dawo ba sai ta yi arba'in. Masu allura ba sa zuwa rugar. Ko masu neman ƙuri'a, da ba sa raina kowa, aike suke yi.

Malama Rauda, nas ɗin da ke yi mata awo, ta gaya mata tun watan jiya.

"Ke mai fuka ce, ga shi kullum kina cikin hayaƙi. Cutar nan idan ta kama mai ciki ta fi ba ta wuya. Babu watan da aka ce kada a yi. In kika yi, na cikin ma zai samu rabonsa na kariya."

A ranar kuwa allurar ta ƙare musu a asibitin, sai Mubina ta ce za ta yi shawara a gida. Ta tambayi mijinta Lukmanu, ya ce ta tambayi Inna. Wannan amsa maza suka ƙirƙiro ta don su samu hanyar fita waje.

Inna kuwa ba ta tambayuwa. Lukmanu ɗan farinta ne. Tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "wancan" take cewa, kuma ba ta sa baki a sha'aninsa, bare cikin matarsa. A hukumance Inna Baraka ba ta ga cikin ba, ko da yake cikin ke riga Mubina shiga ɗaki. Ta dai hana ta jan ruwa a rijiya, wai igiyar guga ta tsufa, ba ta son a tsinka mata. Ita ma Mubina da ta furta kalmar a gaban surukarta gara ta haɗiye harshenta. Duk maganar da ta shafi cikin ta hannun Gwaggo Saliha take bi, ƙanwar marigayi mahaifin Lukmanu, ita ke ɗauka daga wannan ɗaki ta kai wancan. Gwaggo Saliha tana Madobi wajen ta'aziyya, wayarta a kashe.

Lukmanu ya shigo a gurguje, wando a naɗe har gwiwa, yana neman shebur. Mubina ta bi shi bayan rumbu.

"Yallaɓai, masu allurar sun zo."

"Na ji. An saki ruwa a kanal, yau layinmu ne. In na bari maƙwabcin gonarmu Sammani ya riga ni toshewa, albasar nan sai dai mu yi mata salla."

"To in je?"

"Me Inna ta ce?"

"Da wane bakin zan tambaye ta?"

"Da wanda kike tsare ni da shi." Ya ga fuskarta, ya sassauta murya. "Ni dai ban hana ba. Ban kuma ce ki tsallake ta ba."

"Wato ka ce e, ka kuma ce a'a."

"Allah ya ba ki haƙuri, ruwa na tafiya."

Ya fice. Ko da ta dawo tsakar gida, Inna Baraka na watsa wa kaji tsaki, tana yi musu bayani.

"Ku dai ku ci, ba ruwanku. Wata mata ce a Madobi, lafiyarta ƙalau, ta kai hannunta aka tsira mata. Kafin sati abin da take ɗauke da shi ya zube. Amma mutanen yanzu ba sa ji."

Hannun Mubina ya sauka kan mararta da kansa. Ta san labarin, ta ji shi da sunan Madobi, ta ji shi da sunan Dawakin Kudu, matar dai ba ta da suna a ko'ina. Amma labari ba sai ya zama gaskiya yake hana mutum sukuni ba. In ta yi allurar wani abu ya faru, ita ce ta kai hannunta. In ba ta yi ba, ta tuna yayarta da ta kwanta a shekarar da cutar ta shigo, tana jan numfashi kamar ana zuƙe ruwa da tsinke, ita kuwa ba fuka gare ta ba, ba ciki.

Daga nan aiki ya yi ta haihuwa. A sauke tukunya, a baza shinkafa a kan leda, a juya ta. Da aka juya Inna ta ce ba ta juyu ba. Aka kawo tsintar wake, waken da ba yau za a ci ba. Aka fito da kayan tafiyar gobe da aka riga aka ɗaure, wai a sake lissafa zannuwa. Mubina na yi tana duban inuwar katanga, tana matsowa. Sau biyu ta kira wayar Gwaggo, wata mata ta ba ta haƙuri da Turanci.

Bayan azahar iska ta juyo da hayaƙin tukunya ta biyu. Tari ya sarƙe ta. Ta dafa turmi, ƙirjinta na kuka, ta lalubo abin shaƙarta a ƙugu ta zuƙa. Inna Baraka ta miƙe tsaye, ta yi taku biyu, ta tuna, ta juya ta hau zagin itacen da bai bushe ba.

A nan, tana dafe da turmi, Mubina ta lura da wani abu. Tun safe Inna ta yi wa kaji magana, ta yi wa itace, ta ƙirƙiro aiki iri-iri, amma ba ta ce kada a je ba. Ba za ta iya ba. In ta hana, sai ta faɗi dalili.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da katin allurarta.

"Inna, zan je ƙofar gidan Maigari a yi mini ta ƙarin."

"Shinkafar fa?"

"Na juya ta."

"Rana ta yi zafi."

"Akwai inuwar darbejiya a bakin kanal."

"Ba dole ba ce ai."

"Ke ma kin yi biyu, Inna, tare muka je. Ko akwai abin da ya canza?"

Inna Baraka ta dube ta daga fuska zuwa wuya, idon ya tsaya nan, ya ƙi sauka. Leɓenta ya motsa. Ta juya ta kori akuya daga shanya, akuyar da ba ta ma kusa.

Mubina ta fita. Kanal ya cika har baki, ruwan madatsar Tiga na gudu, maza sun bazu cikin albasa da tumatir kowa na ihu a kan nasa rabon. Ta hango Lukmanu cikin laka har ƙwauri yana nuna Sammani da shebur. Ta tsaya, ta yi kamar ta koma. Da ta waiwaya sai ga Inna Baraka a bayanta, nesa kaɗan, ta tsaya ita ma tana nazarin wata gonar alkama kamar za ta saya.

A ƙofar gidan Maigari an fara naɗe tabarmi. Malama Rauda na zaune gaban akwatin ƙanƙara, tana fifita da kwali. 'Yar Kumbotso ce, ta yi karatu a birni, ta saba kiran abu da sunansa.

"Mubina! Na ce ko kin haihu ne. Wata nawa yanzu, bakwai? Yana motsi sosai?" Sai ta ga tsohuwar da ta iso. "Iya, sannu. Surukarki ce? Ai kin kusa zama kaka, wannan ciki haka!"

Inna Baraka ta ɗaga kai tana duban reshen darbejiya. Mubina ta dubi ƙasa. Tsakaninsu Malama Rauda ta tsaya da audugarta, har ta gane ta taka wani abu.

"'Yar nan," in ji Inna, ba ta sauke ido daga reshen ba, "tambaya ce aka aiko ni. Wata mata ce a Madobi."

"Na san ta, Iya. A Kura ma tana nan, a Bunkure ma." Ta rage murya. "Ɓari yana faruwa, da allura da babu, tun kafin a haife ni. An bibiyi masu ciki da yawa da suka yi, ba a ga ya ƙaru a cikinsu ba. Abin da zan ce zai iya faruwa shi ne hannu ya yi tsami, ko ɗan zazzaɓi, a sha farasitamol. In ya wuce haka a zo asibiti. Ki gaya wa wadda ta aiko ki."

"Baki ai ba ya ciwo." Inna ta zauna a benci, ta zare hannu daga mayafi. "A fara da ni. In zauna in ga abin da za ta yi mini."

Aka yi mata. Ta zauna ta zuba wa damtsenta ido, tana jira ya aikata wani abu. Direban motar asibiti ya danna ham. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Malama Rauda ta dubi Mubina, ta dubi akwatin.

"Ni fa ba zan matsa miki ba. Amma in na rufe, na rufe."

Inna ba ta da niyyar gama gani yau, Mubina ta san haka. Sai ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta naɗe hannun rigarta.

"Ke!" in ji Inna Baraka.

Kowa ya tsaya. Bakin tsohuwar a buɗe, maganar ta zo har haƙori. Ga maza a kan tabarma, ga 'yar birni da allura a hannu.

"Gyara mayafinki," ta ce.

Mubina ta gyara. Allurar ta shiga.

Washegari ta tashi jikinta da ɗumi, hannun kamar an ɗaura masa dutse. Ta sha maganin, ta kwanta tana jiran Lukmanu ya samo motar da za ta kai su bakin hanya. A ƙofar ɗakinta ana shara. An share wurin, an sake sharewa, tsintsiyar na tafiya da hannun hagu, a karkace, don na daman ya ƙi ɗaguwa. Ƙasar wurin har ta fara rami.

Mubina na kwance, tafinta a kan ciki. Tun asuba ba ta ji motsinsa ba. Ta juya gefe, ta jira. Sharar ta tsaya, ta ci gaba. Sai ga shi, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin haƙarƙari, da ƙarfi, sannan wata.

Ta dubi rufin ɗaki, ta ɗaga murya yadda za ta wuce labule.

"Kai, wannan shure-shure! Mutum ba zai bar mutum ya huta ba."

Tsintsiyar ta tsaya cak. Sannan aka jingine ta a bango, takun Inna Baraka ya nufi madafi, tana faɗa wa kaji cewa su matsa, mutane za su yi tafiya ba a ko dama musu kunu ba.