Hulunan Minista Audu

Ni na fara gane Audu zai yi nisa, tun kafin uwarsa Uwani ta gane. Lokacin yana malamin firamare a Daurawa, hularsa ɗaya tak. Ranar Alhamis zai kawo min ita rumfata a Gyadi-Gyadi, ya zauna kai ba hula har ta bushe. Ban yi boko ba, amma shekara arba'in ina wankin hula, in na ga kai na san inda za shi. Sau biyu soja suka rushe min rumfa, kwalara ta kwantar da ni, ga ni nan daram.

Da soja suka koma bariki a casa'in da tara, Audu ya ci sanata, huluna ashirin ake kawo min a jaka. Ya zama minista, suka kai hamsin. Sai aka ba shi wata babbar kujera can ƙasar Turawa, inda ƙasashe ke taro, direbansa Murtala ya daina tsayawa wurina. Na bincika, ashe Tanko na Tarauni ake kai wa. Tanko fa! Wanda ni na koya masa riƙon buroshi. Wai shagonsa da gilashi da fanka, yana sa hula a leda. Kwana uku ban ji daɗin tuwo ba.

To, hula in ta sha sitaci, a kan ice ake ɗora ta ta bushe, kuma sai icen ya yi daidai da kan mai ita. Kan Audu siriri ne, dogo ta ƙeya, icensa ni na sa aka sassaƙa. Tanko kuwa a kan na kowa yake ɗorawa.

Ran nan a talabijin ɗin mai shayi sai ga Audu yana jawabi gaban tutocin duniya, hula ta zauna masa a kan kunnuwa, yana ta tura ta da yatsa. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Bayan sati biyu mota ta tsaya. Na kakkaɓe benci, na gyara zama.

Murtala ya durƙusa ya ce, "Baba, mai gida yana gaisuwa."

Na ce, "Ina amsawa. Fito da hulunan."

Ya sosa ƙeya. "Suna wurin Tanko, Baba. Icen nan aka ce ka taimaka da shi."

"Icen kawai? Ni fa?"

"Ai kai ka tsufa, sai hutu."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri. Ka gaya wa Audu, icen yana nan inda yake, in yana so hulunan su zo su same shi."

Har yau ba su zo ba, ni ma ban bayar ba. Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya jira labarai, in an nuno Audu, mutum ya dubi kunnuwan Audun, sannan ya zo rumfata ya faɗa min a ido.