Yatsu Uku Tsakanin Faifai da Silin

Ranar da aka rufe zauren motsa jiki, saura mako bakwai a tantance masu ɗaga nauyi. Rufi ne ya fara yoyo, aka manna takarda a ƙofa, wai za a buɗe nan ba da jimawa ba. Ƙugiya ta karanta takardar sau uku, jaka a kafaɗa, tana karkaɗa ƙafa. Shekararta talatin da ɗaya, kuma a wannan wasa mai irin shekarunta ba ta cewa sai baɗi. Mata biyu za a ɗauka su wakilci ƙasa. Ko ta shiga cikinsu bana, ko ta haƙura har abada.

Abokan wasa ne suka laƙaba mata Ƙugiya, don in ta damƙi sandar ƙarfe sai ta ga dama take saki. Ta kira Koci, mai horar da ita, tun kafin ta bar bakin ƙofar. Shi kuwa ya tafi wani gari da ƙananan 'yan wasa, ba zai dawo ba sai ana jibi gasa.

"Kada ki tsaya jiran kowa," in ji shi. "Ki nemi sanda da faifan nauyi ki kai gida. Kullum ki ɗauki bidiyo ki turo min."

"Koci, gidanmu fa ba fili ba ne."

"To ki ƙirƙiro filin."

Ita da Baba kaɗai ne a gidan. Tsohon kafinta ne, ya ajiye aiki tun da hannunsa ya fara rawa. Akwai wani ɗaki a baya inda yake kishingiɗa da rana yana sauraron rediyo. Da ta gama bayani tana kai da komo a gabansa, sai ya tashi ya ɗauko tef ɗinsa na awo. Ya auna tsawon ɗakin, ya auna faɗinsa, ya rubuta a bayan kwalin ashana.

"Ƙafa goma sha biyu, ƙafa goma. Ya ishe ki?"

"Ya isa, Baba."

"To fitar min da kujerata a hankali, kar ki karya mata ƙafa da wannan ƙarfin naki."

Washegari ta shiga shagon kayan motsa jiki da kwalin ashana a aljihu. Shagon duk madubi ne da walƙiya. Mai shago ya tarbe ta da murmushin wanda ya riga ya yanke mata hukunci, ya nufi injin gudu da ita kai tsaye.

"Hajiya, wannan shi mata ke rububi. Yana nuna bugun zuciya, har wurin sa waya gare shi. Wata biyu, tumbi ya tafi."

"Ka ga tumbi a jikina?"

Ya dube ta sosai a karon farko, ya ga wuya, ya ga kafaɗu, ya gyara murya. Ya nuna mata keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Ya nuna mata wani dodon inji mai igiyoyi da kujeru uku, wai motsa jiki arba'in ake yi a kansa. Ƙugiya ba ta ko tsaya ba. Ita ta san irin waɗannan, mako biyu ake yi da su, daga nan su koma wurin shanya tawul.

"Sanda nake so. Ta mata, kilo sha biyar. Da faifan roba, wanda za a iya jefarwa."

"Jefarwa kuma? Ki saya ki jefar?"

"Daga saman kaina, sau ɗari a rana."

Ya kai ta lungun baya inda ƙura ta kwanta. Sanduna shida ne jingine da bango. Ta ɗauki ta farko, ta murza bakinta da tafin hannu, bakin ya juya rabin zagaye ya tsaya cik. Ta mayar. Ta biyu ta yi mata kauri, ta maza ce. Ta uku sai ƙyalli, amma da ta kwantar da ita a ƙasa ta mirgina ta da ƙafa, sai ga ta tana ɗingishi.

"Wannan a lanƙwashe take."

"Haba Hajiya, sabuwa ce fil."

"To a lanƙwashe aka haife ta."

Dole bakin sanda ya juya, in ba haka ba duk nauyin faifan a wuyan hannu yake sauka lokacin da aka fizgo shi sama. Ta faɗa masa haka a tsaitsaye, ba don ya tambaya ba, sai don bakinta ya ƙi zama shiru. Ta biyar ce ta yi. Ba ta da kyan gani, fentinta ya ɗan koɗe, amma da ta murza bakin sai ya yi ta juyawa shi kaɗai har mai shago ya gaji da kallo. Ta sa aka ɗora kowane faifai a kan sikeli, ta ƙi guda biyu da suka gaza abin da aka rubuta a jikinsu. Mai shago ya share gumi ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin mai ciniki irinta ba, kuma ba yabo yake nufi ba.

Saura dandamali, don siminti ba zai jure jifa ba. Wanda ke shagon siriri ne, ta taka shi ta ji yana lotsawa. Da ta faɗa wa Baba, sai ya ja tsaki.

"Kina 'yar kafinta za ki sayo katako a shagon madubi? Nauyin nawa zai faɗo a kai?"

"Kilo ɗari da ɗoriya."

Ya dube ta, ya kau da kai. Kwana uku yana aiki a tsakar gida, yana riƙe ƙusa da hannu mai rawa, yana zagin guduma. Ta ce hawa biyu na katako ya isa, ya yi huɗu, ya shimfiɗa roba mai kauri a gefe da gefe. Da aka shigar da shi ɗaki, mutum sai ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya hau. Ita da kanta ta kwance fanka daga sama, ta naɗe wayar, ta ce shi ke nan an gama da sama.

Ta fara aiki ba ji ba gani. Safe da yamma, alli a hannu, waya a kan kujera tana ɗauka. Da zarar ƙarar jifa ta fara, Baba zai ɗauki rediyonsa ya fice ƙofar gida. Mako uku aka yi haka. Nauyi yana hawa, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Wani abu ba daidai ba, ta ji shi a kafaɗa, ta kasa sa masa suna. Ta canja takalmi. Ta matsar da dandamali. Ta zargi sandar, ta yi ta murza bakinta tana saurare. Abinci ma a tsaye take ci, in Baba ya yi magana sai ya maimaita.

Ran nan da hantsi Koci ya kira, ko gaisuwa babu.

"Me ya samu gwiwar hannunki?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ba ta miƙewa. Na duba bidiyon jiya da na shekaranjiya. Kina kai sanda sama, sai ki ɗan tanƙwasa hannu, ki sunkuyar da kai kamar mai shiga ƙaramar ƙofa. Kin san alƙalai. Hannu bai miƙe ba, jar fitila, ko da kin ɗaga mota ne. Matsar da wayar baya, ina so in ga ɗakin duka."

Ta kai wayar bakin ƙofa, ta ɗaga sanda da faifai marasa nauyi, ta tura masa. Minti biyu ya sake kira.

"Ƙugiya, ɗaga kanki ki dubi sama."

Ta hau kujera, ta auna. In ta miƙe hannu sosai a kan dandamali, tsakanin bakin faifai da silin yatsu uku ne. Faifan bai taɓa bugawa ba ko sau ɗaya. Amma jikinta ya san da silin ɗin tun ranar farko, yana ta kauce masa ba tare da ya yi shawara da ita ba. Shekara goma sha biyu tana atisaye a zauren da rufinsa ya fi bishiya tsawo, ba ta taɓa samun dalilin kallon sama ba. Ta ji kamar ta mari kanta.

"In cire dandamalin?"

"Ki fasa siminti, sanda ta yi tsalle ta karya miki ƙafa? Kuma ko kin cire, jikinki ya riga ya san akwai abu a can. Waje fa?"

"Tsakar gidan gangare ne, ga ruwa kullum."

"Saura kwana ashirin da huɗu," in ji Koci. "Ki san yadda za ki yi."

Tana nan tsaye a kan kujera Baba ya leƙo. Ta faɗa masa cikin haushi. Ya shigo, ya dubi sandar, ya dubi sama.

"Wai har saman kai kike kai ta?"

"To da ina, Baba?"

"Na ɗauka iyakarta ƙirji." Ya shafa gemu. "Ai ban taɓa kallo ba. Ko a talabijin in an nuno ku fita nake. Ba zan iya ganin ƙarfe a kan bayanki ba, 'yar nan. Da na sani, da na auna sama. Da ban yi hawa huɗu ba."

Sai a lokacin ta kalli silin ɗin da kyau. Ba irin na kasuwa ba ne. Siraran katako ne, kowanne da launinsa, ja da fari da ruwan zuma, an shigar da bakin wannan cikin na wancan, babu kan ƙusa ko ɗaya a waje. Ta girma a ƙarƙashinsa, ba ta taɓa tambaya ba.

"Ragowar aikin mutane ne," Baba ya ce, da ya ga inda idonta yake. "Duk aikin da na gama sai in ajiye sili ɗaya. Wancan jan daga gadon wani likita. Wannan daga bencin makaranta. Shekara arba'in ina yi wa mutane, wannan kaɗai na yi wa kaina."

Ƙugiya ta sauko daga kujera. Ta san abin da take so, a cire silin ɗin, ta kuma ji kunyar son. Ta ɗauki jaka ta fita. Yinin ranar ta yi shi a kan titi. Ta je garejin wani makaniki, ƙasan duk mai ne. Ta je wata makaranta, mai gadi ya ce sai an rubuto takarda. Ta je wani zaure na masu kuɗi, suka ce ba a jefar da ƙarfe a wurinsu, yana tsorata mutane. Ta koma ƙofar tsohon zaurensu, takardar tana nan, ruwa ya jiƙa ta. Da la'asar ta juyo gida ƙafafunta sun yi nauyi, tana lissafin yadda za ta gaya wa Koci.

Tun daga ƙofar gida ta ji ƙarar katako yana tsagewa.

Baba yana kan tsani, ƙura ta rufe masa kai. Ya so ya zare su ɗaya bayan ɗaya, amma aikin da ya yi da kyau ya ƙi ba shi haɗin kai, hannun kuma ba ya tsayawa. Sai ya koma ɓamɓara da ƙarfe. Rabin silin yana ƙasa a farfashe, ta sama ana hango kwano.

"Baba! Wa ya ce ka yi haka? Sauko, don Allah sauko!"

"Riƙe min tsani, ki daina ihu."

Ta riƙe. Hawaye ya zubo mata, ba ta da hannun sharewa. Ya gama, ya sauko a hankali, suka share ɗakin tare. Ta zaci zai ɗauki rediyo ya fita. Sai ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu.

"To, ɗaga."

Ta shafa alli, ta damƙi sanda, ta fizge. Babu komai a samanta sai iska da kwano can nesa, amma kanta ya sunkuya kamar kullum. Ta jefar. Baba ya zabura har kujera ta yi ƙara.

"Hannun dama ya tanƙwashe," in ji shi. "Sake."

Ta sake.

"Har yanzu. Kamar inci ɗaya."

Ta yi na uku, ta yi na huɗu. Gumi ya jiƙa mata riga. Shi kuma ya rufe ido ɗaya kamar yadda yake duban katako, goshinsa ya yi sharkaf ko da yake a zaune yake. A na bakwai ta ja numfashi, ta fizge, ta miƙe tsaye da sandar, hannayenta suka tafi har ƙarshensu. Ta ji kafaɗunta sun zauna inda suka saba zama.

Baba ya buɗe ɗaya idon. Yana kallon 'yarsa da ƙarfe a saman kai, leɓensa yana motsi.

"Baba," ta ce ta cikin haƙora, "sai alƙali ya ce a sauke ake saukewa."

"Ya miƙe," ya ce. "Ya miƙe sarai. Sauke mana, 'yar nan, kafin ki kashe ni."