Farin Dutsen Nasara

A Birnin Damagaram, zamanin da ayarin Gadamus ke sauke kaya a bakin ganuwa, duk sunan da aka yi babu alkakin Ya Gana, mata ba sa lissafa shi cikin biki. Babarbariya ce mai kaifin baki, kuma rabin garin ita ta soya wa. Sai ga autarta Sakina ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, suna ya ƙarato, zuma kuwa babu. Mai kawo mata daga Mirriya ya zo hannu rabbana, ya ce gobarar daji ta cinye amyoyinsa. Ta aika Zermu, ta aika Tirmini, ko cikin ludayi ba a samu ba. Ga alkama a ɓarje, ga man shanu a tandu. Matan da ta sha kushe wa alkaki suka fara zuwa barka sau bibbiyu, suna leƙen madafa.

A gidan da ke jikin nasu an saukar da wani Nasara daga ƙasar Ingilishi, wanda ya biyo ayari zazzaɓi ya kwantar da shi. Mutanen unguwa sun ce duk abin da ya taɓa ya lalace. Ya Gana ta saurari tarinsa ta katanga, ta ce ita dai irin na mutane take ji. Ta riƙa dama kunun tsamiya tana miƙa wa mai masaukinsa.

To, kwanon maƙwabci ba a mayar da shi wayam, kuma da alama an sanar da baƙon haka. Rannan ƙwaryarta ta dawo da wani abu fari fat, mai tsini kamar jinkar ɗaki, ga tauri kamar dutse. Ta ƙanƙara da wuƙa ta ɗora a harshe. Ta daɗe a tsaye tana duban alkamarta.

Mijinta, Malam Usman, ya ce atafau. A zaure ya ji cewa Nasara ne suka ƙago abin, da garin ƙashi suke yinsa. Wanda ya faɗa bai taɓa ganinsa ba, amma ya faɗa da ƙarfi. Malam ya ce ba za a ciyar da mutane wannan a sunan jikarsa ba.

Ya Gana ba ta yi musu ba. Ta tambaye shi yadda Buzaye ke kiran goro. Ya ce goro. Barebari fa? Goro.

"To ka gani, Malam. Abin da ya zo daga nesa da sunansa na gida yake zuwa. Mu je ka tambaye shi sunan abin. In nasu ne tun asali, ni da kaina zan mayar masa."

Da hantsi suka shiga. Baƙon yana jingine a tabarma, duk ya rame, Larabcinsa na ɗingishi amma yana kai shi inda za shi. Ya Gana ta zauna daga bakin ƙofa, Malam ya ajiye farin dutsen a tsakiya ya yi tambayarsa. Baƙon ya ce a harshensu shuga suke cewa.

Malam ya sa ya maimaita. Sai ga murmushi yana ɓullowa ta cikin gemunsa. Sukkar ɗin Larabawa ke nan, wanda ya sha karantawa a littattafan magani, ana haɗa shi don tari da ciwon ƙirji. Shekara da shekaru yana zaton mazarƙwaila ake nufi.

Baƙon ya ji an taɓo abin da ya sani, har ya tashi zaune. Ya ce mutanensa sun ari sunan daga maƙwabtansu Faransawa, su kuma daga fataken bakin teku, waɗanda suka sayo abin da sunansa a hannun Larabawa. Ya ce a ruwan ganye mai zafi suke jefa shi, kuma mutum mai daɗin baki sai su ce ya shafa wa maganarsa shuga. Da Malam ya mayar mata da wannan, Ya Gana ta ce ta san irinsu da yawa a unguwa.

Da baƙon ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma masani ba ya iya riƙe ragowar labari. Ya ƙara da cewa Larabawa ma daga Farisa suka samo, Farisa daga ƙasar Hindu, inda sunan ke nufin tsakuwa. Fuskar Malam ta sauya. Ya Gana ba ta jin Larabci, amma ta san fuskar mijinta. Ta matso ta fasa ɗan gutsure ta miƙa masa.

"Malam, kai da ka karanta shi, ɗanɗana mana ka ji ko shi ne na littafin."

Ya yi bisimilla ya sa a baki. Ya tsotsa har ya narke. Ya ce mas'alar tana son ƙarin bincike, ya miƙa hannu aka ƙaro masa. Sannan ya ce abin da malaman kirki suka rubuta a littafi suka sha da bakinsu, shi bai isa ya hana shi ba.

Ranar suna aka raɗa wa jaririya Zuliha. Alkakin ya fito yana ƙyalli, ya fi na kullum haske, ga ɗan tsamin lemo da ta matsa a ciki. Matan nan suka ci suka suɗe yatsu, suna tambayar ƙudan zuman wane daji ne. Ya Gana ta ce na nesa ne, sai su tambayi Malam. Ƙwaryar farko kuwa ta riga ta tsallaka katanga.

Malam Usman ya shafe sauran rayuwarsa yana ba da labarin a zaure, yadda Nasara da bakinsa ya amsa cewa aro suka yi. Daga Larabawa yake farawa kullum. Ya Gana tana jinsa daga cikin gida, Zuliha a bayanta, ba ta taɓa tuna masa da ƙasar Hindu ba.