Sarewar Tsoho Kuwabara

A bakin ƙofa suka ƙulla maganar, dusar ƙanƙara na zuba a kansu. Tsoho Kuwabara ƙafarsa ta daina hawa tsani, shi kuwa Tadao ya ajiye tuƙin bas, zaman gida ya ishe shi. Sharaɗin shi ne Tadao zai riƙa kwashe wa tsohon ƙanƙarar saman rufi, kada nauyinta ya rusa gidan, har sanyi ya wuce, tsohon kuma ya ba shi aron sarewarsa ta gora ya koya masa busa. In bazara ta same ta lafiya, ta zama tasa.

"Ba busar ce abin tsoro ba," in ji tsohon. "Bushewa ce. Gora ba ta son ɗaki mai ɗumi. In ka bari ta ji ƙishi, za ta tsage ta bar ka."

Tadao ya ce ai shekara da shekaru yana lallaɓa tsofaffin motoci, guntun kara ba zai gagare shi ba.

Ya gagare shi. Kullum da safe yana kan rufin tsohon da shebur, da yamma yana durƙushe gaban tsohon har ƙafa ta yi masa tsami. Ya hura, ya karkata wuya, ya tsuke baki, ba abin da ke fita sai huci kamar taya ta yi faci. Tsohon ba ya gyara masa komai, sai dai ya kurɓi shayi ya ce a sake.

A gida kuma ga rigima. Sarewar tana kwana cikin leda da ɗan tsumma mai danshi, a can lungun baranda inda sanyi ya fi tsanani. In zai gwada busa a falo sai ya kashe murhun kananzir mai ɗumama ɗaki, matarsa Fumie ta zauna cikin bargo tana harararsa.

"Baban Miho, wai ni da sandar nan wa ka auro?"

Ranar sabuwar shekara Tadao ya fita da sassafe, don ƙanƙara ba ta san hutu ba. Fumie na share gida saboda surukan 'yarsu Miho da za su zo gaisuwa, sai ta ci karo da ledar. Abin ya ba ta kunya. Kayan malami guda, a ƙunshe kamar ragowar kifi? Ta zare sarewar, ta goge ta tas, ta shimfiɗa mata ƙyalle a gurbin nan na bangon falo inda ake ajiye abin daraja. Sannan ta ƙure murhu don kada baƙi su ji sanyi.

Baƙin sun yaba ƙwarai. Tadao ya shigo ya ga sarewar a can cikin zafin ɗaki, amma ba dama ya tsallake surukai ya sauke abin da suke cikin yabo. Haka ya zauna yana zuba musu giya yana murmushin dole, gumi na bin bayansa. Ana cikin cin abinci aka ji ƙas, kamar an karya tsinke. Uban mijin Miho ya waiga ya ce katakon gidan nan yana da rai.

Washegari Tadao ya kai wa tsohon sarewar, kansa a ƙasa. Kuwabara ya bi tsagar da farce tun daga baki har rami na biyu. Bai yi faɗa ba. Ya ce ana ɗaure ta da zare ta koma, shi ma ya iya, sai dai aikin ba ya son gaggawa, kuma maganar bazara ta tashi.

"Sai mu sake sabon lale. Baɗi ma ai za a yi ƙanƙara."

Tadao ya buɗe baki zai ce ya haƙura. Sai ya tuna ko sau ɗaya bai ji muryar abar nan daga bakinsa ba, kuma hakan ya fi ciwon baya ci masa rai. Ya sunkuya ya ce ya gode, Malam.

Tsohon ya samu mai kwashe masa ƙanƙarar rufi na shekara biyu, sarewarsa kuma tana hannunsa. Fumie ta samu falonta da ɗumi da shiru. Tadao ya ɗauki shebur ya nufi tsani.