Yaya Ya Buɗe wa Inna Ruwa

Da aka kwantar da Inna a ɗakin da Auta ke aikin jinya, Auta ta hana kowa ɗaura mata ƙarin ruwa, ta ce uwarta ce, ita za ta yi. Zuciyar tsohuwar ba ta da ƙarfi, don haka likita ya ce rabin lita a awa takwas. Auta ta buga lissafi, ya ba ta ɗigo ashirin da ɗaya a minti. Ta tsaya da agogo a hannu tana murza 'yar tayar da ke jikin robar har ɗigon ya daidaita, sannan ta tafi wanke wa wani ciwo.

Ko da ta dawo, ledar ta kusa ƙarewa, ruwa na zuba kamar an kunna famfo. Inna na zaune tana haki, ƙirjinta na ƙugi. Yaya, babban wansu, direban tankar ruwa, yana gefen gado yana danna waya.

Auta ta rufe ruwan, ta ɗaga kan gadon, ta sa wa Inna iskar numfashi, ta tura abokiyar aikinta kiran likita. Sannan ta juyo.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne," in ji Yaya. "Na ga abin na tafiyar hawainiya. Ai ruwa ne, gara ya shiga da wuri ta samu ƙarfi."

"Huhunta ka cika, Yaya. Ka ɗauka tankarka ce?"

"Ke, ni kike ɗaga wa murya? Ni na goya ki fa."

"Na gode da goyo. Fita."

Ya dubi masu jinya da suka zuba musu ido, ya ja tsaki ya fice.

Likita ya zo aka yi wa Inna allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Auta ba ta matsa daga bakin gadon ba har numfashin ya lafa bayan la'asar.

Inna ta janye robar iskar daga fuskarta, ta yafito ta. Auta ta sunkuya.

"Ki je ki ba yayanki haƙuri. Kin kunyata shi a gaban mutane."

Auta ta mayar mata da robar, ta gyara mata matashi. Ta fita ta same shi a baranda, ya ɗago yana jira. Ta gaya wa mai gadin ƙofa kada ya sake barinsa ya shiga sai tana nan, ta koma ciki.