Ranar da Karatu Zai Zo wa Namazzi

Idan kana son Nalwanga ta manta da ciniki a shagonta na tayil da ke Ntinda, tambaye ta makarantar da 'yarta take. Nan take za ta kife waya, ta gyara zama. Makarantar Ekiwojjolo ce, ta kuɗi, daga ajin raino har ƙarshen sakandare. Ba bulala, ba jarrabawa, ko ƙararrawa ba a kaɗawa, wai kada a razana tunanin yaro. Kowace safiya yara kan zauna zobe a kan tabarma, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambayar kowa abin da ransa ke so ya yi yau. Malamai kuwa gatsau ake kiran sunansu. Shugabar makaranta guda, mace da furfurarta, ɗan shekara biyar ya ce mata "Prossy", ta amsa tana washe baki. Nalwanga ta sha bulala a makarantar kwana, har yau da tabo a ƙwaurinta, don haka gani take ta saya wa 'yarta Namazzi aljannar duniya.

Namazzi tana da shekara tara, kuma kullum aikin laka take zaɓa. Falon gidan ya cika da tukwane masu karkataccen baki, uwar tana jera su, baƙo bai isa ya sha shayi ba sai ya yaba.

A ƙauye asiri ya tonu, can wajen Masaka, ranar addu'ar shekara ta kakan yarinyar. An ci matoke, wato dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa, an wanke hannu, sai Ssenga Nakkazi, yayar uban Namazzi, ta ce a miƙa wa 'yar makarantar manya littafin addu'a na yarensu ta karanta wa jama'a. Yarinya ta karɓa, ta zuba wa shafin ido, ta yi tsit. Nalwanga ta yi caraf ta ce ai da Turanci ake koya musu. Ba musu, wani ya zaro jaridar Turanci daga mota. Nan ma ko kalma ɗaya yarinyar ba ta iya karantawa ba.

"To madalla," in ji Ssenga, tana ninke jaridar. "Ko ba karatu, mu dai dangin nan mun huta da sayen tukunya."

Nalwanga ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma abin da ya fi kunyar ci mata rai shi ne tsoro: 'yarta, shekara tara, ba ta iya haɗa baƙi biyu ba.

Ran Litinin ta dira makarantar da shirin a yi ta ta ƙare. Ina! Prossy ta tarbe ta ba takalmi, ta zaunar da ita kan matashi a ƙasa, ta ba ta shayin ciyawa, ta riƙe hannayenta biyu. Cikin muryar nan tata mai sanyi kamar ta mai jinya ta bayyana mata cewa kowane yaro da lokacinsa, ba a ɓare fure da hannu, kuma fargabar uwa ita ce babban abin da ke toshe kan ɗa.

"Dubi 'yan ajinsu," ta ce. "Duk suna karatu, babu wanda muka tilasta wa. Nasu ya zo da kansa. Nata ma yana hanya."

Ka ji fa. Matar da direban tirela ba ya iya tsayawa gabanta idan an fasa mata kwalin tayil ɗaya, ita ce ta fito daga ofishin nan tana ba da haƙuri, har da godiya.

A wurin ajiye motoci ta ci karo da Maama Kirabo, wadda 'yarta Kirabo ke aji ɗaya da Namazzi. Da ta ji labarin sai ta tsaya tana kallon Nalwanga, ta waiga hagu da dama, sannan ta tuntsire da dariya har tana dafa mota.

"Haba 'yar'uwa. Wai ke da gaske kika ɗauka?"

Nan ta kwance mata zance. Ashe akwai wani Mista Ochwo a Kireka, mai koyar da yara a garejin gidansa duk Asabar, kuma kusan duk ajin can suke. Ba wanda ke faɗa, don abin kunya ne a ji kana kai ɗanka wurin mai dukan tebur bayan ka gama cika baki a taron iyaye cewa yaro ne sarkin kansa. Su waɗannan iyayen ne fa ke tafa wa Prossy duk ƙarshen zango, wasu har da share ƙwalla. Kowa ya zaci Nalwanga ma tana da nata malamin a ɓoye. Munafuncin dodo, ya kan ci mai shi, amma a wannan karon wadda ba ta yi munafuncin ba ya ci.

Ran Asabar ta saka Namazzi a mota. Ba ta sha wahalar gane gidan ba, don manyan motoci sun yi layi a lungun taɓo, iyaye na ciki sun ɗage gilasai, kowa ya sunkuya kan waya kada ya haɗa ido da ɗan'uwansa. Cikin gareji ga benci, ga allo, ga zafi, ga Mista Ochwo yana buga rula a tebur, yara na rera haruffa da ƙarfi kamar yadda aka yi wa Nalwanga tun zamanin da. Jikar Prossy na benci na gaba.

Namazzi ta toge a bakin ƙofa. Ta ga Kirabo, ta ga sauran 'yan ajinsu, ta daɗe tana binsu da kallo. Ta tambayi Kirabo tun yaushe suke zuwa nan, ita kuwa ta ce tun suna ƙanana, amma an ce kada su faɗa.

Nalwanga ta durƙusa gaban 'yarta, ranta a jagule. Ta tambaye ta me ya sa ba ta taɓa cewa tana son a koya mata karatu ba, tunda kullum safe ana tambayarta abin da take so.

"A gaban kowa ake tambaya, Maama."

Namazzi ta murza gefen rigarta.

"Prossy ta ce zuwa yake da kansa. Na kowa ya zo, nawa ya ƙi. Na ɗauka ni ce ba ni da kai."

Mista Ochwo bai da lokacin wannan. Ya nuna wa yarinyar baƙi ɗaya a allo, ba ta sani ba, ya nuna na biyu, sai ya yi mata nuni da bencin 'yan shekara biyar. Namazzi ta saki hannun uwarta, ta ratsa ta gaban 'yan ajinsu duka, ta je ta naɗe dogayen ƙafafunta ta zauna.